Jerin Babi Ba Bincike Ba Ne

Akwai wata aƙida da ta yi kaka-gida a jami'o'inmu, daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa, har ta kai ba a ma tattauna ta. Wai kundin kammala karatu, wanda ɗalibai ke kira memuwar, yana yin kyau ne idan babi-babinsa sun jeru yadda sashe ya tsara. Ɗalibi ya kawo take, a amince. Ya kawo jerin babi, a sa hannu. Sai bayan haka ne zai hau mota ya nufi inda zai yi binciken. Ranar kare kundi kuma, abin da alƙalai za su fara dubawa shi ne ko an bi jerin. A ganina wannan aƙida ta fi ƙarancin kuɗi da ƙarancin littattafai yi wa bincike ɓarna a ƙasar nan. Su waɗancan kowa ya yarda matsala ce, ana kuma kuka da su. Ita kuwa koyar da ita ake yi a matsayin ƙa'idar ilimi, ana ba da maki a kanta.

A ɗauki ɗalibin da ya zaɓi ya yi rubutu kan zaman manoma da makiyaya a Bader Goula, ƙaramar hukumar karkara da ke cikin gundumar Dakoro, can arewacin jihar Maraɗi. Tun bai taka ƙasar ba an san abin da zai rubuta. Babi na farko ma'anar kalmomi ne: mene ne rikici, mene ne kiwo, mene ne albarkatun ƙasa, duk an tsamo daga ƙamus da rahotannin FAO. Babi na biyu gabatar da yankin ne: iyaka ta gabas da ta yamma, yanayi, ruwan sama, irin ƙasa, sunayen itatuwa da Latinanci, yawan jama'a bisa ƙidayar 2012, adadin makarantu da gidajen likita. Duk wanda ya taɓa zama a jami'a ya san inda ake samo wannan babi. Ko dai kundin tsarin raya ƙaramar hukuma, PDC, da ke ajiye a ofishin magajin gari, ko kuma memuwar ɗin wani da ya gabata, wanda shi ma can ya kwaso. Babi na uku shi ake kira sakamako, kuma yawancinsa zane-zane ne masu launi da ke nuna kashi nawa na waɗanda aka tambaya maza ne, kashi nawa ke da aure, kashi nawa suka yi boko. A ƙarshe sai shawarwari: a wayar da kan jama'a, gwamnati ta ƙara himma, abokan hulɗa su kawo tallafi.

Yanzu a goge sunan Bader Goula daga cikin wannan kundi, a rubuta Kornaka, ko Tanut, ko Abalak. In ban da lambobi kaɗan, babu abin da zai buƙaci gyara. Kundin da zai dace da kowane gari bai faɗi kome game da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuma ba laifin yaron ba ne. An ba shi gurabe an ce ya cike, ya cike. Tela ne aka tilasta wa yanka yadi tun bai ga mai rigar ba.

Abin takaicin shi ne, wannan yanki cike yake da tambayoyi masu nauyi da ke jiran mai amsa su. Arewacin Dakoro, inda kwarin Tarka ya ratsa, shi ne bakin da noma ke ƙarewa kiwo ke farawa. A watan Mayu na 1961, ƙasa ba ta cika shekara da samun ƴancin kai ba, aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta ja iyakar noma ta arewa, kusan inda ruwan shekara ke tsayawa a milimita 350. Arewa da wannan layi ƙasar kiwo ce, kuma dokar ta ce dabba in ta yi ɓarna a gonar da aka buɗe can, babu diyya. Sai fari na 1973 zuwa 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya, garkuna suka ƙare a hannun Fulani da Buzaye da yawa, wasunsu suka kama hauya. Manoma kuma daga kudu, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, suka yi ta matsowa arewa suna sheme. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, COFO, ta kuma amince cewa makiyayi na da haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali. Dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da iyakar 1961, alhali gonaki sun daɗe da tsallake ta. Ke nan a ƙasa ɗaya ana da doka da ke faɗin abu ɗaya, gonaki na faɗin wani, sarakunan gargajiya da ƙaramar hukuma da COFO kowa na riƙe da wani yanki na iko. Mutanen jihar Maraɗi sun san inda irin wannan tsamin ke iya kaiwa, domin ba su manta da ƙauyen Toda ba, inda aka kashe mutum fiye da 100 a watan Oktoba na 1991.

Ɗalibin da ya zauna a irin wannan wuri ya buɗe kunne, ba zai daɗe ba zai ji maganar rijiya. A ƙasar kiwo, da rani, mai ruwa shi ne mai ciyawa, domin dabba ba ta iya kiwo nesa da inda za ta sha. Rijiyar gargajiya tana da mai ita, gidan da ya haƙa. Shi ke da shan farko. Baƙo in ya zo da garkensa sai ya nemi izini, a ba shi kwanaki, ya shayar ya wuce, kuma ta haka ne ake taƙaita yawan bakin da ke cin ciyawar kewaye. Ranar da gwamnati ko wani furoje ya gina rijiyar siminti ko ya haƙa fanfo, ruwan ya zama na kowa, wannan linzami ya kuɓuce, ko kuma ya koma hannun ƴan kwamiti da masu manyan garkuna. Brigitte Thébaud ta yi bayanin wannan tun 1990 a nazarinta kan manufofin ruwan kiwo a Sahel. To ga tambaya ta gaske: a wannan kusurwa ta Bader Goula, tun da aka gina rijiya kaza, wa ya samu makiyaya, wa ya rasa?

Duk wanda ya riƙe wannan tambaya da kyau, ita za ta tsara masa kundin. Shafin farko zai faɗi tambayar da amsar da aka samu, kai tsaye, ba sai mai karatu ya yi tafiyar shafi 60 ba. Daga nan dole a bayyana yadda ake shayarwa kafin sabuwar rijiyar, wa ke da shan safe, wa ke jira har la'asar, domin in ba a san jiya ba, ba za a gane abin da ya sauya ba. Sai tarihin rijiyar kanta: wa ya nema, wa ya zaɓi wurin, wa aka tuntuɓa, wa ya ji labari bayan an fara haƙa. Sai abin da ya biyo baya, gonakin da suka tsiro kewaye da ita, burtalin da ya matse, ƙorafe-ƙorafen da suka je gaban maigari ko harɗo ko COFO da yadda aka yanke su. Sannan wani babi wanda jerinmu na yanzu ba shi da gurbinsa ko kaɗan, alhali shi ne zuciyar bincike: hujjojin da ke ƙaryata ra'ayin marubucin. Wataƙila ba rijiyar ba ce ta jawo gonakin, ƙaruwar jama'a ce. Wataƙila matan da a da suke kwana a bakin rijiya suna jan guga su ne suka fi kowa cin moriya, kuma ɗalibin bai tambaye su ba. Sai ya fuskanci wannan ya amsa. Ruwan sama zai shigo cikin wannan kundi, amma a daidai inda yake bayyana dalilin da ya sa garkunan arewa suka sauko da wuri a wata shekara. Dokar 1961 za ta shigo a daidai inda manomi ke neman diyya makiyayi na cewa babu. Duk abin da bai taimaka wajen amsa tambayar ba, sunayen itatuwa da Latinanci da adadin ajujuwan firamare, ko dai ya koma rataye ko a bar shi a PDC inda aka same shi.

Na san abin da malamai za su ce, kuma wasu daga cikin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Za su ce ɗan koyo yana buƙatar shinge, in an sake shi zai ɓace. Gaskiya ne yana buƙatar jagora. Amma jerin babi ba ya koya masa abin da ya fi wuya, wato ya tsaya a kan magana ɗaya ya kare ta da shaida. Abin da yake koya masa shi ne yadda zai cika shafuka ba tare da ya faɗi abin da za a iya kama shi a kai ba. Yaron da ya fita da wannan tarbiyya gobe shi ne ma'aikacin gona ko na kiwo a Dakoro, shi ne zai rubuta wa ma'aikata rahoto, kuma irin rahoton da ya koya shi zai rubuta.

Za su ce ai tsarin duniya ne, haka mujallun kimiyya ke jera gabatarwa, hanyar bincike, sakamako da tattaunawa. Wannan jeri ya samu karɓuwa ne a fannin likitanci da kimiyyar gwaji, kuma a can ya dace, domin yana bin sawun yadda aka yi aikin. Wanda ya shuka irin hatsi na HKP kusa da irin gargajiya a filin gwajin cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, ya auna abin da kowanne ya bayar, to ya bi wannan jeri, babu mai ja da shi. Amma ko a waɗannan mujallu ba za ka ga an ɓata kashi ɗaya cikin uku na maƙala wajen kwatanta iyakokin gunduma ba. Layi kaɗan ne, a wuce. Mu mun ɗauko jerin ɗakin gwaji, muka cusa masa babin da babu shi a can, sannan muka ɗora shi a kan tarihi da shari'a da nazarin zaman jama'a, inda ba gwaji aka yi ba, sauraro aka yi da auna maganar wannan da ta wancan. Maƙwabtanmu na Najeriya ma suna da nasu, babi biyar ba ƙari ba ragi, kuma su da kansu suna kokawa da yadda ake sayar da kundin da aka riga aka rubuta a shagunan kwamfuta na bakin jami'o'i. Abin da ke da siffa ɗaya a ko'ina shi ya fi sauƙin sayarwa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta yawan ɗalibai. Tun da aka shiga tsarin karatun jami'a na LMD, aka kuma buɗe jami'o'in jihohi, irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, masu rubuta kundi sun ƙaru ƙwarai, malamai masu duba aiki ba su ƙaru daidai da su ba. Malami ɗaya da tarin kundaye a kan teburinsa, jerin babi na ba shi hanyar dubawa da sauri. Ina tausaya masa da gaske. Sai dai a duba da kyau, jerin nan ƙara masa aiki yake yi. Shi ke haifar da kundi mai shafi 80 wanda abin karantawa a cikinsa bai wuce shafi 15 ba. Da an nemi shafi 30 masu amsa tambaya ɗaya, da malamin ya karanta duka, ya kuma gane nan take ko yaron ya je daji ko a Maraɗi ya zauna ya cike takardun tambayoyin da hannunsa. Ga kuma sabon al'amari: tun ƙarshen 2022 manhajoji irin su ChatGPT na iya zubo babin ma'anar kalmomi da na gabatar da yanki da na shawarwari cikin ƴan mintoci. Duk abin da jerinmu ke ba maki a kansa, na'ura ta iya shi. Abin da ba ta iya ba shi ne ta san wa ke shan farko a wata rijiya ta arewacin Dakoro, kuma shi ne abin da muka tura can ƙarshen kundi, in ma ya samu shiga.

Masu ganin cewa barin wannan jeri barin ilimi ne, su waiwayi magabatanmu. Al-Magili, a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Askiya Muhammadu na Songhai amsoshi ne kan tambayoyin da sarkin ya aiko, kuma tambayoyin su suka tsara littafin. Ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, bai fara da kwatanta ganuwar Kano ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da littafi sukutum mai suna Masa'il Muhimma, mas'ala bayan mas'ala, kowace da hujjarta. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Diya'ul Hukkam ne saboda mutanen Kano sun buƙaci a bayyana musu yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Waɗannan malamai suna da tsari mai tsauri, suna faɗin manufarsu tun a farko, suna ambaton wanda suka ciro magana daga gare shi. Amma buƙata ce ke haifar da tsarin, shi ya sa littattafansu ba su yi kama da juna ba.

Haka ma ayyukan zamani da suka daɗe ana karantawa kan ƙasar Hausa. Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa kan Alhazan Maraɗi a 1986, kuma abu ɗaya ya bi daga farko har ƙarshe, yadda waɗannan ƴan kasuwa suka tara dukiya tun daga zamanin cinikin gyaɗa. Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa kusa da Katsina, ta sa a gaba dalilin da ya sa wasu manoma ke da wadata wasu ke cikin talauci a ƙauye ɗaya. Tarin bayanan da ta tattara kan amfanin gona da sana'o'i da ma'auni ba ta zubar ba, ta kai su baya ta jera su bisa haruffa, mai buƙata ya je ya duba. Da ɗalibarmu ce, da an ce ta koma ta gyara tsari.

Akwai wata illa da ta fi duk waɗannan, ita ce babin da ake kwafa yana gadar da makanta. Shekara da shekaru gabatarwar rahotanni kan Nijar na maimaita jimla ɗaya, cewa hamada na gangarowa, itatuwa na ƙarewa. A daidai wannan lokaci manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi musu sassabe. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka haɗa hotunan sama na da da na yanzu suka kuma taka gonakin, aka gane cewa abin ya kai kimanin hekta miliyan 5. Abu mai wannan girma ya faru a gaban idon kowa, amma wanda ya zo da jimlarsa a rubuce tun daga gida ba zai gan shi ba. Ina tsoron irin haka na faruwa yau a ƙasar kiwo, ana sauye-sauye a mallakar dabbobi da rijiyoyi da ciyawa, mu kuwa muna ta kwafar sakin layin da aka rubuta shekaru 20 da suka wuce.

Kada a manta kuma da wanda ke biya. Kuɗin mota zuwa Dakoro, kuɗin buga kundi da ɗaure shi kwafi-kwafi, sau da yawa akuya ce ko damin hatsi aka sayar a gida. Mutanen ƙauyen da aka je wa su ma sun biya da lokacinsu, sun bar aiki sun zauna a inuwa suna amsa tambayoyi da Hausa da Fulatanci da Buzanci, aka mayar da dogon bayaninsu alamar e ko a'a a cikin akwati. Ba su sake jin labarin abin da aka yi da maganarsu ba.

Gyaran ba ya buƙatar kasafi, zaman sashe ɗaya ya isa. A daina sa hannu a jerin babi kafin ɗalibi ya je fili. Abin da za a amince da shi tun farko shi ne shafi ɗaya: ga tambayata, ga abin da nake zato, ga irin shaidar da za ta nuna zatona kuskure ne. Jerin babi ya zo bayan ya dawo, kuma kowane babi ya iya faɗin aikin da yake yi wa amsar, wanda ya kasa a cire shi. Ranar kare kundi, kafin a taɓa maganar girman harufa da faɗin gefen shafi, shugaban alƙalai ya ce masa: Malam, faɗa mana cikin jimla biyar abin da ka gano wanda ba a sani ba kafin ka je. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu abin da zai hana a nemi wannan amsa da Hausa, a kuma rubuta ta a shafi biyu a haɗa da kundin. Waɗannan shafuka biyu, tare da kwafi ɗaya na aikin, a kai su ofishin magajin garin da aka yi binciken da hannun sakataren COFO na wurin, a karanta su a wani zaman jama'a inda wakilan manoma da na makiyaya za su iya cewa ba haka ba ne. Takardar da ke nuna an kai, ita ma a sa ta cikin sharuɗɗan karɓar shaidar kammala karatu.